RIJIYA MAI ZURFI DA LAKAR DA TA ƘI KWANCIYA

Duk wanda ya taɓa buɗe kwalbar lemo ya ga yadda kumfa ke tasowa da zarar an cire murfi. Wannan ɗan abu da yara ke wasa da shi, shi ne ya hana injiniyoyin ƙasar Ingila barci a cikin shekarun 1970, sa'ad da suka ɗauko wata sabuwar dabara ta tace ruwan ƙazantar gari.

Tun a shekarar 1914 wasu masana biyu na birnin Mancesta, Edward Ardern da William Lockett, suka gano cewa idan aka yi ta hura iska cikin ruwan kwata da na masai, waɗansu ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani sukan yaɗu su cinye ƙazantar. Ƙwayoyin nan sukan dunƙule su zama wata irin laka mai rai. Idan aka kai ruwan wani tanki aka bar shi ya natsu, sai lakar ta kwanta a ƙasa, ruwa garai ya tashi sama a sake shi cikin kogi, a kwashi lakar a mayar da ita bakin aiki. Watau dai aikin duka ya rataya ne a kan lakar nan ta yarda ta kwanta. In ta ƙi, sai ta bi ruwa ta faɗa kogi, mutanen da ke ɗiba a gangare kuwa su ne za su sha.

To, ƙwayoyin nan ba sa aiki sai da iskar oksijin, ruwa kuwa ba ya riƙe ta da yawa, kimanin miligiram 9 ne kawai cikin lita guda idan babu zafi ko sanyi ƙwarai. Saboda haka ake gina manyan tankuna masu cin fili. Sai kamfanin ICI, a garin Billingham, ya ce maimakon faɗi a nemi zurfi. Aka haƙa rami kamar rijiya, amma zurfinsa yakan kama daga mita 50 har zuwa 150. Ruwan ƙazanta yakan gangara ta wani bututu tare da iska, ya juyo ya hau ta ɗaya gefen. Kowace mita 10, watau kimanin ƙafa 33, nauyin ruwa yakan ƙara matsi daidai da na iskar da ke kan mutum a doron ƙasa. A mita 100 matsin ya ninka wajen sau 11, iska kuwa takan narke cikin ruwa gwargwadon matsin. Ƙwayoyi suka samu abin da suke so, suka ci ƙazanta da sauri a fili ɗan kaɗan. Wanda ya san tsadar fili a Ikko ya san wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. Da ruwa ya hau sama matsi ya sake shi, sai iskar da ta narke ta fito ƙanana-ƙananan kumfa, daidai irin na kwalbar lemo. Kumfar nan ta manne wa dunƙulen laka, ta rage musu nauyi. Lakar da ake jira ta kwanta sai ga ta tana yawo a saman tanki kamar kitse a kan romo.

Hanya biyu aka bi. Wasu suka sa injin da ke zuƙe kumfar daga jikin lakar kafin a kai ta tankin kwanciya. Wasu kuma, musamman a ƙasar Kanada, suka ce tun da ta fi son tashi a bar ta ta tashi, aka riƙa yaɗe ta daga sama. Lalle waɗannan na biyu sun fi wayo, domin lakar da aka yaɗo takan fi wadda ta kwanta kauri, ruwan da za a matse daga jikinta bai kai ba.

Daga baya har aka mai da sakin matsi ya zama makami. A tsakiyar shekarun 1990, a garin Hamar na ƙasar Norwe, kamfanin Cambi ya fara dafa rarar laka da tururi cikin rufaffen tanki, zafi wajen digiri 165, matsi kimanin ninki 6, na wajen rabin sa'a, sa'an nan a sake ta farat ɗaya. Ƙwayoyin sukan farfashe, laka mai danƙo ta tsinke kamar koko, ƙwayoyin cuta su mutu. Irin wannan takan ruɓe da wuri ta ba da iskar gas mai yawa, abin da ya saura kuma a kai gona a matsayin taki. A shekarar 2013 aka kafa irin wannan injin a Davyhulme ta Mancesta, wurin da Ardern da Lockett suka yi aikinsu.