Mai ciki da hawan dutse: darasi daga ƙasar goggon biri

Can tsakiyar Afirka, a ƙasashen Ruwanda da Yuganda da Kwango, akwai manyan duwatsu masu duhun kurmi. A nan goggon birin dutse yake zaune. Ƙidayar 2018 ta nuna yawansa a duniya duka ya ɗan haura 1,000. Baƙi sukan taso daga Turai da Amurka domin su gan shi. A shekarar 2017 Ruwanda ta mai da kuɗin izinin ganinsa dalar Amurka 1,500, wato sama da jaka 800 na sefa. Mutum takwas ake haɗawa a ayari ɗaya, awa ɗaya tak suke yi gaban birran.

Mota ba ta kai wa wurin. A ƙafa ake hawa, cikin laka da santsi, wani lokaci awa da yawa. Don haka idan mace mai ciki ta yi niyyar zuwa, likita yakan auna abubuwa huɗu. Na farko faɗuwa, domin nauyin ciki yana rinjayar mace gaba, gaɓoɓinta kuma sun yi laushi. Na biyu ƙarancin iska a bisa dutsen da ya haura mita 2,500. Na uku zazzaɓin cizon sauro, wanda ya fi tsanani ga mai ciki, ga shi kuma wasu magungunansa ba su dace da ita ba. Na huɗu nisa da asibiti. Sau da yawa shawarar ita ce ta ɗaga tafiyar sai bayan haihuwa. In kuwa lafiyarta lau, ta je tsakanin wata na 4 da na 6, ta ɗauki mai riƙe mata kaya.

Mai karatu zai ce, ina ruwanmu da biri? Lalle babu goggon biri a Adar, duwatsunmu kuma ba su kai wancan tsawo ba. Amma sauran abubuwa ukun suna nan tare da matanmu kullum, a gundumomin Madawa da Buza da Keita. Baƙuwa tana iya ɗaga tafiyarta. Matar ƙauye ba ta iya ɗaga zuwa rijiya ko neman itace, sai in gida ya ɗauke mata.

Mun san ƙarfin matan Adar. Lokacin da aka soma furojen Keita a 1984, da taimakon Italiya da hukumar FAO, mata ne mafi yawan ma'aikata, domin maza sun tafi cin rani. Su suka ɗauki duwatsu a ka, suka haƙa ramuka a gefen tsauni, suka dasa miliyoyin itatuwa. Har yau su ne a dashen albasa cikin fadamun Madawa, su ne a gonakin kwarin Majiya. Tafiya da aiki daidai gwargwado suna da amfani ga mai ciki. Abin gudu shi ne kaya mai nauyi, da gangaren dutse, da zafin rana, musamman a Afirilu da Mayu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40.

Ga abin da muke kira a kiyaye:

1. A soma zuwa awo tun cikin watanni ukun farko. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zuwa takwas ya fi, maimakon huɗu. Kunyar cikin fari kada ta hana yarinya zuwa likita.

2. Daga wata na 4 ana ba da ƙwayoyin Fansidar a wurin awo, wata-wata, aƙalla sau uku, domin kariya daga zazzaɓi. A sha ƙwayar ƙarin jini kullum, a karɓi allurar tetanus, a kwana cikin sange mai magani.

3. Kada mai ciki ta gangaro daga dutse da kaya a ka. A raba kayan biyu, ko a ɗora wa jaki. Ta yi aiki da sanyin safiya, ta riƙe gorar ruwa, ta huta a inuwa, kuma kada ta shiga daji ita kaɗai.

4. Wadda za ta goyon ciki gidan iyayenta ta tafi da wuri, kafin ciki ya tsufa, da katin awonta a hannu. Da damina korama tana yanke hanya. Wadda garinsu yake bayan korama ta koma kusa da likita kafin watanta ya kama.

5. Tun ciki yana ƙarami maigida ya tanadi kuɗi, ya san amalanke ko motar da zai nema in dare ya yi.

Akwai alamomin da ba a jira da su gari ya waye: zubar jini, fashewar ruwa kafin lokaci, ciwon kai mai tsanani da duhun gani, kumburin fuska da hannuwa, jijjiga, zazzaɓi, ko ɗa ya daina motsi. Haka nan idan mace ta faɗi ta bugi cikinta, ko ba ta ga jini ba, a kai ta a duba. Naƙudar da ta wuce awa 12 ita ma ta likita ce, domin doguwar naƙuda ita ke jawo yoyon fitsari. Akwai asibitin gunduma a Madawa da Buza da Keita, akwai na Galmi, akwai cibiyar uwa da ɗa a Tawa.

Masu gida da surukai, maganar nan taku ce. Tulun ruwa ɗaya da miji ko ƙane ya ɗauko bai rage masa daraja ba. Muna roƙon malaman yaƙi da jahilci su karanta wannan shafi a ajin maza kamar yadda za su karanta shi a ajin mata. Allah ya sauki matanmu lafiya.