Gulbin Maraɗi: Ruwan Wata Huɗu da Ke Ciyar da Shekara

Baƙon da ya sauka Maraɗi da bazara ya ce a kai shi ya ga gulbi, zai tsaya a bakin gaɓa yana waige-waige. Yashi ne fari fat a shimfiɗe, amalanken shanu na ratsawa, yara na ƙwallo a tsakiya, can gefe wata mata ta tona rami da ƙoƙo tana jiran ruwa ya tsattsafo. Sai damina ta kankama, wajen watan Yuli, sannan gulbin ke nuna kansa. Wata rana ko ɗigo ba a yi a garin ba, sai a wayi gari a ga ruwa ja wur ya cika gaɓa da gaɓa, ɗauke da kara da rassan itace, domin an yi ruwan ne a ƙasar Katsina cikin dare. Zuwa Oktoba ya janye. Amma duk wanda ya san wannan kwari ya san cewa ruwan nan na 'yan watanni shi ke riƙe da tukunyar dubban gidaje har wata damina.

Tafiyarsa abin lura ce. Daga ƙasar Katsina yake tasowa, inda ake kiran babban reshensa kogin Gada. Ya bi ta Jibiya, ya tsallaka cikin Nijar ta wajen Nyelwa, ya miƙa arewa ta ƙasar Madarumfa da Jiratawa har gindin birnin Maraɗi. Daga nan ya wuce Tsibiri, ya karkata yamma ta Gidan Rumji, sannan ya sake komowa Nijeriya ta ƙasar Gobir, ya zuba cikin gulbin Rima. Rima ta kai ruwan Sakkwato, daga can kuma sai kogin Kwara. Wato ruwan da ya sauka a gonar Bakatsine sai ya yi baƙunta a Nijar kafin ya dawo gida, bai nemi izinin kowa ba a kan iyaka, shiga da fita.

Ni ta wajen uwa nake da wannan kwari, kuma a lambun kawuna, kudu da Maraɗi, na fahimci yadda gulbin ke aiki. Ƙasar yankin iri biyu ce. A sama akwai jigawa, rairayi mai sauƙin noma, inda ake shuka gero da wake da gyaɗa, a zuba wa sama ido. A ƙasa kuma ga fadama, baƙar ƙasa mai danƙo, wadda ambaliya ke malalewa a kanta ta bar mata laka. Wannan lakar ita ce takin da ba a saya. Ruwan da ya kwanta kuma ba ɓacewa yake yi ba, nutsewa yake cikin yashi ya zauna a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa rijiyar fadama ba ta da zurfi in an gwada da ta tudu. Kawu ya kan ce mini, "Kai yaro, gulbi bai ƙafe ba, kwanciya ya yi." Da jigo ya fara ban ruwa tun yana saurayi, daga baya ya koma ƙaramin inji. A lambun nan akwai albasa da tumatir da tattasai da rogo, ga mangwaro da lemo a gefe, sai zogale, wanda a yau ya zama babban abin kai wa kasuwa a wannan yanki. Da can har taba ake nomawa sosai a fadamar.

Tarihin kwarin kuwa ba ya rabuwa da dajin da ya taɓa rufe shi. A farkon ƙarni na 19 gaɓar gulbin kurmi ce mai duhu, mazaunin Azna manoma da mafarauta. Da mutanen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka ci birnin Katsina a 1807, gidan sarautar Haɓe ya watse, wasu suka yi gabas har Damagaram. Wani ɗan gidan, Ɗan Kasawa, shi ne ya tattara abin da ya rage. Wajen 1819 mutanen kwarin suka yi wa wakilin sabon mulki tawaye, suka kira Ɗan Kasawa, ya zo ya zauna Maraɗi. Abin da ya sa wurin ya karɓe shi a fili yake: ga ruwa, ga fadamar da za ta ciyar da mutane da dawaki, ga kurmin da mahaya ba sa iya kutsawa cikinsa da sauƙi. Har gobe Sarkin Maraɗi sarautar Katsina yake riƙe da ita, ana ce masa Sarkin Katsina.

Gobirawa ma nan suka samu mafaka. Birninsu Alƙalawa ya faɗi a 1808, aka kashe sarkinsu Yunfa, suka yi shekaru suna faɗi-tashi. A 1836 aka gwabza a Gawakuke, inda rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta yi nasara, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda duk suka kwanta dama a fagen. Bayan wannan ne Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri a bakin gulbin nan, tafiya kaɗan daga Maraɗi. Gidajen sarauta biyu na tsohuwar ƙasar Hausa suka zauna maƙwabta a kan ruwa ɗaya, kuma daga nan suka riƙa kai hari kudu shekara da shekaru. Sunan Ɗan Baskore, wanda ya yi sarautar Maraɗi a tsakiyar ƙarnin, har yanzu tsofaffi a ƙasar Katsina sun san shi, kowa da irin labarin da ya gada. Da Turawan Ingila da na Faransa suka zo suka shata iyaka a farkon ƙarni na 20, sai layinsu ya yanka gulbin a wuri biyu, kai da wutsiya a hannun Ingila, tsakiya a hannun Faransa.

Tsohon garin Maraɗi a cikin kwarin yake, dab da ruwa. A 1945 gulbin ya yi wata irin cika ya rushe garin. Hukumar Faransa ta mayar da mutane kan tudu, aka yanka filaye da tituna miƙaƙƙu, shi ne birnin da muke gani yau. Cinikin gyaɗa ya zo ya ɗaga shi, Alhazan Maraɗi suka yi suna, amma gulbi ne ya zaɓa wa garin mazauni.

Ba zan wuce ban tsaya a tafkin Madarumfa ba, domin a ganina babu wuri mai kyansa a duk kwarin. Yana kudu da Maraɗi, kuma shi ba ya bin sauran ruwayen yankin wajen ƙafewa da wuri. Masunta na kama tarwaɗa da karfasa, makiyaya na shayar da dabbobi, tsuntsayen ruwa na sauka da sanyi. Kewaye da shi akwai kaburburan da mutanen wurin ke cewa na waliyyai 99 ne, ana kai musu ziyara daga nesa. Tun 2006 Nijar ta sa tafkin da kaburburan da dajin da ke kusa cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su. Sai dai yashi da laka na cike shi sannu a hankali, masunta kuma su ne suka fi kowa sanin haka.

Inda maganar ke da nauyi shi ne batun rabon ruwa. An gina madatsar ruwa ta Jibiya a kan kogin Gada, mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 140, domin noman rani da ruwan sha. Ban ga laifin mutanen Jibiya ba, su ma ƙasarsu busasshiya ce, suna da haƙƙi a kan ruwan da ke bi ta ƙofarsu. Amma manoman da ke ƙasa da madatsar sun daɗe suna kukan cewa ambaliyar da ke shayar da fadama ta ragu, ba ta zuwa a kan lokacinta, rijiyoyi kuma sai ƙara zurfi suke. Fari da sare itatuwa da yawan injinan ban ruwa duk suna da hannu a ciki, ba madatsa kaɗai ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne akwai takarda a kan wannan. A watan Yulin 1990, a Maiduguri, Nijeriya da Nijar suka sa hannu a yarjejeniyar raba ruwan kogunan da suka haɗa su bisa adalci, kuma an ambaci Gada da Gulbin Maraɗi da suna a ciki. Manomin da ke tsaye a lambunsa a Jiratawa ko Tsibiri ya cancanci ya san ranar da za a saki ruwa da yawan da za a saki. Wannan ba alfarma ba ce.

Kuma ruwan ba ya bambanta ɗan wannan ƙasa da na waccan idan ya zo da fushi. A Yulin 2018 ambaliya ta afka wa Jibiya cikin dare, mutum fiye da 40 suka rasu, aka tsinto wasu gawarwakin a cikin Nijar, inda ruwa ya kai su. Allah ya jiƙansu. Da akwai hanyar da labari ke saurin bin gulbin daga sama zuwa ƙasa, ko ta rediyo ko ta wayar masu gari, da rayuka da dukiya da yawa sun tsira a irin waɗannan darare.

Kurmin da ya ɓoye Ɗan Kasawa yawancinsa ya tafi, sai ragowa irin dajin Babban Rafi, wanda 'yan bindiga suka hana mutane sakewa a cikinsa a 'yan shekarun nan. Tun 2019 ƙauyukan Gidan Rumji da Madarumfa ke karɓar dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina. Amma akwai abin farin ciki a kan jigawa. Tun shekarun 1980 manoman jihar Maraɗi suka rungumi sassaben zamani, wato a bar tohon kututture ya girma a cikin gona maimakon a sare shi, aikin da wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya taimaka wajen yaɗawa. Gawo da kalgo da sabara suka dawo gonaki, suna riƙe rairayin da iska da ruwa ke kwasa su zuba a gulbi. Manoman ɓangaren Nijeriya suna da abin koyo a nan, tafiyar kuma ba ta kai yini ba.

Kirana ga hukumomin ruwa na ƙasashen biyu, da sarakunan Katsina da Maraɗi da Gobir, shi ne su zaunar da manoma da masunta da makiyaya na sama da na ƙasa wuri ɗaya, a tsayar da lokacin sakin ruwa, a sanar da shi da Hausa a gidajen rediyo, a kuma hana ɗiban yashi da sare itace a bakin gaɓa. Yarjejeniyar Maiduguri ta haura shekara 30, lokaci ya yi da mai lambu zai ga amfaninta a rijiyarsa.