Me Ya Sa Murya Ke Yankewa a Kwamfuta?

Shirinmu na yau na masu aiki da sauti ne: ma'aikatan rediyon karkara na jihar Tawa, da samarin Garhanga masu ɗaukar wa'azi, sanarwar biki ko waƙa da ƙaramar kwamfuta.

Tun 1999 da aka buɗe rediyon karkara a Bankilare, irin waɗannan gidaje suka yaɗu a Nijar, kuma yawancinsu ba su da kuɗin sayen manhaja mai tsada. Shi ya sa Audacity, wadda ta fito a 2000, da Mixxx ta haɗa kiɗa suke da daraja a wurinmu. Kyauta ne, kowa na iya saukewa. Sai dai kukan da ake yawan yi ɗaya ne: ana cikin magana sai a ji ƙas-ƙas, murya ta yanke. Nan take a ɗora wa makirufo laifi. Sau da yawa kuwa lafiyarsa ƙalau.

Matsalar tana cikin ma'ajiyar sauti, wadda masu gyara ke kira bafa. Kwamfuta guga-guga take ɗibar sauti, kamar mai jan ruwa a rijiya. In gugan ƙarami ne, ruwa na isowa da wuri, amma dole a yi ta ja ba hutawa, kuma da hannu ya ɗan gaji sai kwami ya bushe. Wannan bushewar ita ce ƙas ɗin da kuke ji. In babba ne, ana ɗan jira, amma ruwa ba ya yankewa.

Ga lissafin. Idan ana ɗaukar ɗigon sauti 48,000 a daƙiƙa guda, bafa mai ɗigo 256 tana jawo jinkirin milisakan 5 da ɗoriya, mai 1,024 kuma kusan 21. Mai karanta sanarwa ba ruwansa da milisakan 21. Wanda zai damu shi ne mawaƙi mai jin kansa a kunne yana bin kiɗa. Don haka ni a ganina, tsohuwar kwamfuta a ɗakin da zafin Afrilu ya cika, a ba ta babbar bafa ta huta.

Inda abin ya fi wuya shi ne haɗa katin sauti biyu: ɗaya na cikin kwamfuta don abin sawa a kunne, ɗaya na USB zuwa na'urar watsawa. Kowane kati da agogonsa, kuma agogo biyu ba sa taɓa tafiya daidai wa daida. A ce bambancinsu kashi 50 ne kacal cikin miliyan. Bayan awa guda, ɗaya ya tsere wa ɗaya da kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Ƙara bafa ba ya warkar da wannan, jinkirta shi kawai yake yi. Mixxx tana da wurin daidaita katuna da yawa a cikin saitin kayan sauti, har da ma'aunin da ke ƙirga sau nawa bafa ta bushe. Masu Linux kuma manhajar PipeWire tana yi musu wannan daidaitawa da kanta.

Amma in da hali, ɗan'uwa, tara makirufo da waya duka a mikisa, ka fitar da su ta kati ɗaya. Audacity ma dama daga na'ura ɗaya take ɗauka a lokaci guda.

Kafin shiri, fara da bafa mai ɗigo 1,024, ka bar sauti ya yi tafiyar rabin awa kana duba ma'aunin nan na Mixxx. In ya tsaya a sifili, kada ka taɓa. In yana hawa, ninka bafar, ka rufe intanet da sauran manhajoji, sannan ka jona caja, domin kwamfutar da ke kan batir takan rage ƙarfinta.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.