Me ya hana bangaskiya girma a majami'un Maraɗi?

Tun da aka ƙona wata majami'a a unguwar Zariya ta Maraɗi cikin watan Yunin 2019, bayan kama wani limami, duk sanda zancen Kiristocin garin nan ya taso sai a ce tsoro ne ya raunana su. Masu faɗar haka ba su san ikilisiyar nan ba. Ta ga tarzomar da aka yi a garin cikin Nuwamban 2000, ba ta watse ba. Ciwon a cikin gida yake: mutum ya shekara ashirin da baftisma, ba ya fashin sujadar Lahadi, amma ran da ɗansa ya tambaye shi dalilin bangaskiyarsa sai ya ce, bari mu tambayi fasto.

Addu'a da zumunci da karatun Littafi Mai Tsarki su ke raya bangaskiya, wannan ko yaron makarantar Lahadi ya sani. Karatun ne muka sake, kuma yana da tarihin da ba a cika tunawa ba.

Mishan ta SIM ta shigo Nijar ta Damagaram a 1924, ba da jimawa ba ta kafa tasha a Tibiri. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Masu bi na farko da karatun Hausar boko suka fara, don mishan ta nace kowa ya karanta da idonsa. Inda ta gaza, kamar yadda Barbara Cooper ta nuna a littafinta na 2006 kan Kiristocin yankin, shi ne sakaci da ilimin Faransanci, har 'ya'yan masu bi suka makara wajen samun aikin gwamnati. Yau abin ya juye. Yaro ya je lakwal ya iya Faransanci, amma a miƙa masa Hausa sai ya yi ta in'ina a kan ƙ da ɗ. Uwarsa a Jiratawa ta haddace waƙoƙin zumuntar mata kaf, harafi ko ɗaya ba ta sani ba. Littafin yana nan naɗe cikin leda a kan akwati, ranar Lahadi kawai yake fita. Wanda ba ya karantawa da kansa kuwa, duk mai wa'azin da ya zo da lasifika da alkawarin arziki sai ya tafi da shi.

Ga kuma rarrabuwa. Ikilisiyar EERN, wadda ta gāji aikin mishan, ta dare kashi-kashi, alhali a sura ta uku ta wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korantiyawa, kishi da ɓangaranci ne Bulus ya kafa hujja da su cewa mutanen ba su balaga ba tukuna.

Misalin maganin yana kusa: a ƙasar Maraɗin nan, wajen 1983, Tony Rinaudo na SIM ya gane cewa kututturan gonaki suna da saiwa mai rai. A rage tohon, a bar masu ƙarfi, itace ya tashi. Sassaben zamani ke nan, kuma haka almajiranci yake, aikin haƙuri, mutum ɗaya bayan ɗaya.

Fastoci da dattawan Maraɗi da Tibiri da Danja, kuɗin da kuke zubawa a taron kwana uku ya isa ya riƙe ajin yaƙi da jahilci na tsawon rani. Ku buɗe shi bana, kafin damina ta kwashe mutane zuwa gona.