Karen Bature Daban, Na Bahaushe Daban: A Yi Hattara Da Waɗannan Kalmomi

Ranar 10 ga Disamba 2022, da Maroko ta kara da Fotugal a gasar cin kofin duniya ta Ƙatar, ina zaune a wani gidan kallon ƙwallo na unguwarmu, wuri ya cika maƙil har bakin ƙofa. Mai sharhin Bature ne, kuma tun kafin a take leda yake nanata kalma ɗaya a kan 'yan Maroko: "underdogs". Wani matashi a bencin gaba, wanda ya san "dog" kare ne, "under" kuma ƙarƙashi, ya miƙe yana huci. "Kun ji ko? Karnuka yake ce mana! Kai, ƙasa da kare ma ya ajiye mu!" Nan take wuri ya kaure, masu tsaki na yi, masu Allah-ya-isa na yi. Sai da wani malamin makaranta ya jawo gefen rigarsa ya ce, "Zauna ƙanena, ba zagi ba ne. Cewa yake yi ba a sa musu ran cin wasa, kuma in ka saurara da kyau, bayansu yake goyo." Yaron ya koma ya zauna yana borin kunya. Maroko kuwa ta lallasa Fotugal da ci ɗaya mai ban haushi, ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai wasan kusa da na ƙarshe.

Abin ya ba mu dariya a ranar, amma daga baya na ga akwai abin jan hankali a ciki. A wurin Bahaushe, kare na farauta ne da gadi, wurinsa bakin zaure ko bayan gida, kuma duk wanda aka ce wa "ɗan kare" an gama da shi. A wurin Bature kuwa kare ɗan gida ne, yana da suna, yana da likita, yana kwana a falo, har ana yi masa kirari da aminin ɗan'adam. Wannan bambancin ya ratsa cikin harshe. Yanzu da waya ta kawo Turanci har cikin ɗakunan iyayenmu mata, mutanenmu suna faɗawa rami biyu: wasu su fusata a inda aka yabe su, wasu kuma su ɗura wa mutum ashar suna zaton gaye suke yi.

Kafin mu ga laifin Bature, mu dubi namu harshen. Yaron da ke taimakon direba "karen mota" muke ce masa, ba ya kuma jin haushi. In aka ce 'yan fashi suna "cin karensu babu babbaka", ba wanda ya ga tukunyar naman kare. In takara ta yi zafi mu ce an yi "kare jini, biri jini". Baƙon da ya ɗauki waɗannan kalma bayan kalma zai ɗauka mu mutanen banza ne. To haka mu ma muke yi wa Turanci.

Sunayen dabbar kanta

A tsohon Turanci, shekaru dubu da suka wuce, sunan kare shi ne "hund", kalmar da Jamusawa ke amfani da ita har gobe. Daga baya "dog" ta ture ta, ita kuma ta koma "hound", wato karen farauta kawai. Daga nan ne ake cewa 'yan jarida sun yi "hounding" ɗin wani, ma'ana sun matsa masa lamba sun hana shi sakat. Ɗan kwikwiyo shi ne "puppy", ɗakin kare kuma "kennel". Akwai kuma "canine", wadda ta fito daga Latin. Likitan haƙori na kiran fiƙa da wannan suna, don haka in ya faɗa maka ita kada ka ce ya haɗa ka da kare. Saboda amon kalmar ne ake rubuta K9 a jikin motocin jami'an tsaro masu aiki da karnukan da ke sansano ƙwaya da bama-bamai.

Waɗanda yabo ne

Babbar cikinsu ita ce "watchdog". Asalinta karen gadi, amma a jarida tana nufin duk wata hukuma ko ƙungiya mai sa ido don kada masu iko su yi ɓarna. Kusan kullum jaridun Turanci da wannan laƙabin suke kiran hukumar kula da makamashin nukiliya ta duniya, wadda aka kafa a 1957 take da hedikwata a Biyana. 'Yan jarida ma suna alfahari da shi, kuma sashe na 22 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ɗora musu nauyin bin diddigin gwamnati a madadin talakawa. Mai fassarar da ya san aikinsa "mai sa ido" zai ce. In ya ce "karen gadi", ya mayar da lambar girma ta koma cin mutunci.

"Underdog" da ta tada hankalin ƙanen namu ta samo asali ne daga faɗan karnuka da ake shiryawa a ƙarni na 19: wanda aka danne shi ne na ƙasa, wanda ya danne kuma "top dog". Yau ta farkon tana nufin wanda aka raina, ta biyun kuma mai faɗa a ji. Turawa na matuƙar son ganin na ƙasa ya ba da mamaki, kamar yadda Kamaru ta doke Ajantina a 1990, Senegal ta doke Faransa a 2002, ko Leicester City ta ɗauke kofin Firimiya a 2016. Haka nan in shugabanka a wurin aiki ya rubuta cewa kai "dogged" ne, ka yi masa godiya, domin cewa ya yi kana da naci, ba ka sakin aiki sai ka ga bayansa.

Waɗanda ke yanka

Akwai kuma masu dafi. "Lapdog" ƙaramin kare ne da ake ɗorawa a cinya, a siyasa kuwa ɗan amshin Shata ke nan. A lokacin yaƙin Iraƙi na 2003, masu suka a Ingila sun riƙa kiran Firayim Minista Tony Blair "poodle" ɗin Shugaba Bush na Amurka, wato wani karen ado mai cukwikwiyayyen gashi, don nuna cewa duk inda aka ja shi nan yake bi. "Attack dog" kuwa ya yi daidai da abin da muke kira karen farautar ɗan siyasa, wanda ake sakawa ya yi zagin da maigida ba zai yi da bakinsa ba. "Mongrel" kare ne mai gaurayen iri, kuma faɗa wa mutum ita gorin asali ne mai muni.

Wadda ta fi damuna ita ce "bitch". A bakin masu kiwon karnuka ma'anarta karya, wato macen kare, ba wani abu ba. Amma shekaru ɗaruruwa ke nan tana cikin mafi munin zagin da ake yi wa mace a Turanci. Yaranmu na tsintar ta a finafinai da waƙoƙin Amurka, su ji ana jefa ta cikin raha, sai su ɗauka ado ce. Na taɓa karɓar wayar wani ɗan ƙanwata, ɗan aji biyar a sakandare, na ga ya rubuta wannan kalma ƙarƙashin hoton 'yar ajinsu a Facebook, har da alamar dariya. Na tambaye shi ma'anarta, ya ce, "Kawu, ai kamar ka ce 'yar gayu ne." Na ce, "Za ka iya tsayawa gaban mahaifinta ka kira ta karya?" Ya yi tsuru-tsuru, gumi ya karyo masa. Nan take ya goge, ya kuma ba ta haƙuri. Da wani ɗan'uwanta ne ya riga ni gani, da maganar ba a waya za ta ƙare ba. A kuma sani, cin mutuncin mutum da gangan laifi ne a dokar Arewa, kuma "ban san ma'anarta ba" ba ta goge rubutun da aka riga aka ɗauki hotonsa.

Ita kanta "dog" tsurarta, hawainiya ce. Matasan baƙaƙen fatar Amurka na ce wa juna "dawg" da nufin aboki. In aka jefi namiji da ita cikin faɗa, ana nufin mutumin banza ko mai bin mata. In mace aka faɗa wa, an ce mata mummuna. Kalmar da ke sauya launi haka, mai hankali ba ya gwada ta a kan baƙo, balle babba.

Abinci, lafiya da doka

Sau da yawa za ka ga uwa a kanti ta ɗauki leda daga firiji, ta karanta "hot dog", ta yar da ita kamar ta taɓa wuta. Babu naman kare a ciki. Niƙaƙƙen nama ne da ake ɗurawa ya yi tsawo a sa cikin burodi, wanda Jamusawa 'yan ci-rani suka yaɗa a Amurka a ƙarni na 19. Ruɗanin ba namu kaɗai ba ne, domin a 2016 hukumar harkokin Musulunci ta Malesiya ta nemi masu sayar da abinci su sauya wannan suna in suna son shaidar halal. Sai dai abin tsoron yana wani wuri daban: da yawa daga cikin na ƙasashen waje da naman alade ake yin su. Saboda haka a bar kallon sunan, a juya bayan leda a karanta abin da aka haɗa. In an ga "pork", "ham", "bacon" ko "lard", alade ne. In kuma a gidan abinci aka yi maka tayin "doggy bag", ƙunshe maka ragowar abincinka za a yi ka tafi da shi gida.

Akwai wata magana, "hair of the dog", da ta samo asali daga tsohon camfin cewa gashin karen da ya ciji mutum shi ne maganin cizon. Yau mashaya ke amfani da ita, suna nufin ƙara kurɓar giya da safe don warware mayen jiya. Camfin da shawarar duka na banza ne. Kalmar da ya kamata kowa ya riƙe ita ce "rabies", ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamunsa sun bayyana da wuya a tsira. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, ya garzaya asibiti a yi masa allura a ranar.

Masu fita waje neman abinci su ma ga nasu. "Guide dog" kare ne da aka horar ya yi wa makaho jagora. A Birtaniya, dokar daidaito ta 2010 ta haramta wa direban tasi ƙin ɗaukar fasinja saboda irin wannan kare, sai in yana da takardar uzuri ta rashin lafiya. Wanda ya ƙi yana iya shan tara, har ya rasa lasisinsa. A gida kuma, in ka ga an rubuta "Beware of dog" a ƙofa, gargaɗi ne cewa akwai kare mai cizo, sai ka tsaya daga waje ka yi sallama.

Karin magana ba a fassara ta da ƙamus

Turanci cike yake da karin maganar kare, kuma kusan kowace tana da 'yar'uwa a Hausa wadda ba ruwanta da kare. In sun ce "raining cats and dogs", ruwa ne kamar da bakin ƙwarya. "Let sleeping dogs lie" ita ce a bar kaza cikin gashinta. "Barking up the wrong tree" ta yi kusa da an bar jaki ana dukan taiki. "Dog eat dog" zaman kashin dankali ne, babba ya danne ƙarami. "Every dog has its day" kuwa, kowa da ranarsa. Ɗalibin da ya riƙe wannan dabara, ta neman takwarar magana maimakon jera kalmomi, ya huta da rabin wahalar fassara.

Kada a ɗauka wannan zancen 'yan boko ne kawai. A 2016 'yan sanda sun kama wani mutum a jihar Ogun saboda ya raɗa wa karensa suna Buhari, sunan shugaban ƙasa na lokacin. Shi ya ce ƙauna ce ta sa, maƙwabtansa 'yan Arewa kuwa suka ɗauke shi cin fuska da tsokana, magana har gaban kotu. Dabba ɗaya ce, suna ɗaya, amma kowane ɓangare da idon da ya kalle ta.

Don haka, iyaye da malamai, ku riƙa tambayar yara ma'anar abin da suke rubutawa a waya. Masu fassara a rediyo da jarida, ku nemo ma'ana kafin ku saki magana, domin dubban mutane da bakinku suke jin duniya. Kai kuma mai karatu, in ka ci karo da "dog" a cikin zance, dubi abin da ke gabanta da na bayanta kafin ka yi fushi. In kuwa kai ne za ka furta, kuma ba ka tabbatar da nauyinta ba, tambayi wanda ya sani, ko ka faɗi abinka da Hausa. Matambayi ba ya ɓata.