Jarunta da Tukuicinta: Daga Sarautun Yaƙi Zuwa Lambobin Soja a Ƙasar Kano

Gabatarwa

Kowace al'umma da ta san yaƙi tana da hanyar saka wa jarumanta. Wannan maƙala ta dubi yadda tukuicin jarunta ya sauya a ƙasar Kano, daga sarauta da kirari zuwa lambar da ake maƙala wa soja a ƙirji. Abin da take son nunawa shi ne, lambar yabo shaida ce ta hukumar da ta bayar da ita, don haka ba duk jaruntar da aka nuna a fagen fama take iya tattarowa ba.

Tukuicin Jarumi Kafin Zuwan Turawa

Karaye da Rogo, waɗanda a yau su ne Masarautar Karaye bisa dokar shekarar 2024, suna yammacin Kano ne, daura da ƙasashen Katsina da Zazzau. A ƙarni na 19 wannan shiyya bakin daga ce, domin hare-haren Maraɗawa kan kai gare ta, kuma Sarkin Karaye na cikin manyan sarakunan da tsaron iyakar Kano ya rataya a wuyansu. A irin wannan muhalli, wanda ya yi fice a yaƙi yakan samu tukuici iri uku. Na farko kyauta ce daga hannun sarki, kamar ingarman doki ko riga ko takobi, tare da rabo daga ganima. Na biyu sarauta ce, irin su Jarmai da Barde da Garkuwa da Sarkin Yaƙi. Na uku kuwa kirari ne da makaɗa da maroƙa suke yaɗawa, wanda yakan wanzu bayan doki ya mutu, riga ta tsufa. Shaidun jarumi a nan su ne abokan gwagwarmayarsa, ma'ajiyar labarinsa kuma ita ce bakin jama'a.

Kwatarkwashi: Fage Ɗaya, Girmamawa Biyu

Tsarin lambobi ya shigo ne tare da rundunar Turawan Ingila. A ranar 3 ga Fabrairu 1903 dakarun Kanar Morland suka ci birnin Kano, alhali Sarki Alu yana Sakkwato. A kan hanyar dawowa Alu ya rabu da rundunarsa, wani ɓangare ya bi Wambai Abbas zuwa Kano don miƙa wuya, sauran kuma suka tsaya tare da Waziri Ahmadu. A ƙarshen watan suka yi arangama da wani ƙaramin rukunin soja a kusa da Kwatarkwashi, cikin Jihar Zamfara ta yau.

Takardar yabon da gwamnatin Ingila ta fitar ta ce Laftanar Wallace Wright, tare da hafsa ɗaya da sojoji 44, ya jure wa farmakin mahaya 1,000 da dakaru 2,000 har na tsawon sa'o'i biyu. A kan haka aka ba shi Victoria Cross, lamba mafi daraja ta jarunta a Ingila, wadda aka kafa a 1856. Waziri Ahmadu kuwa ya faɗi a wannan fage yana jagorantar baraden da suka tunkari bakin bindiga da takobi da mashi. Babu hukumar da ta rage da za ta yi masa tukuici, sai Kanawa suka raɗa masa laƙabin Mai Shahada, wanda da shi ake kiransa har yau. Akwai kuma rukuni na uku, wato sojoji 44 ɗin nan, 'yan Afirka da suka riƙe sahu, waɗanda takardar ta ambace su da adadi kawai.

Sojojinmu a Yaƙe-yaƙen Duniya

An tanadar wa sojojin Afirka lambobi nasu na daban, kuma wasu sun yi suna ta wannan hanya. Fitaccen misali shi ne Chari Maigumeri, mutumin Barno. Ya fara aikin soja da Jamusawa a Kamaru, inda suka ba shi lambarsu ta Iron Cross a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Bayan an kama shi ya shiga rundunar Ingila, ya samu Military Medal a Gabashin Afirka a Yaƙin Duniya na Biyu, sannan ya je Bama. Barikin soja na Lakwaja yana ɗauke da sunansa. Rayuwarsa ta nuna cewa abokan gaba biyu na iya yaba wa mutum ɗaya, kowa a lokacin da yake ƙarƙashin tutarsa.

Bayan Samun 'Yancin Kai

Nijeriya ta kafa nata tsarin da dokar lambobin girmamawa ta 1964. A nan ya kamata a bambance lambobin jarunta, irin su Nigeria Star, da lambobin da ake samu saboda daɗewa a bakin aiki ba tare da laifi ba, irin su FSS da MSS da DSS da ake gani bayan sunayen manyan hafsoshi. Lambar jarunta tana bukatar shawarar kwamanda da shaidar waɗanda suka ga abin da ya faru, don haka wanda ya yi bajinta inda ba mai bayar da rahoto yakan tashi a tutar babu.

Duk da haka tsohuwar hanya ba ta mutu ba. Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, wanda ya rasu a Malam Fatori ranar 4 ga Nuwamba 2016 a yaƙi da Boko Haram, ya samu ƙarin girma na musamman a 2015, amma sunan da sojojinsa suka ba shi shi ne Sarkin Yaƙi.

Kammalawa

Lamba tana adana suna da kwanan wata, laƙabi kuma yana adana hukuncin jama'a. Mai nazarin tarihin jarunta yana bukatar duka biyun. Kundin lambobi yana nan a taskoki, amma kirari da labaran 'yan mazan jiya da ke bakin dattawan Karaye da Rogo suna tafiya tare da masu su, saboda haka tattara su aiki ne da ya rataya a wuyan ɗaliban Hausa tun kafin lokaci ya ƙure.