Ruwa A Tsaga Yake

Lokacin da nake SIWES a Sharada, an haƙa burtsatse biyu kusa da juna. Ɗaya ya yi ta ambaliya, ɗayan ko bokiti bai cika ba. Na tambayi injiniyan, ya ce, "Ɗalibi, idan ka wuce marmara, ƙarƙashin Kano dutse ne. Ruwa a tsaga yake."

Sai da na koma aji na gane maganarsa. Idan za a kwaikwayi tafiyar ruwa cikin tsaga a kwamfuta, ana ɗaukar tsagar kamar faifai biyu masu santsi da ɗan giɓi a tsakani. Faɗin giɓin nan shi ne komai: ka ninka shi sau 2, ruwan da ke wucewa ya ninku sau 8, ka ninka sau 10, ya ninku sau 1000.

Lissafin ya fi wuya wajen fasa dutse da ƙarfin ruwa, dabarar da Amurka ke haƙo iskar gas da ita. Matsin ruwa ke buɗe tsagar, buɗewar kuma ta rage matsin, dole kwamfuta ta lissafa su tare, tana maimaitawa. Ga shi tsagar gaske kaushi gare ta, don haka lissafin faifai yakan yi ƙari.

Ni abin da ke damuna shi ne dagwalon majemun Sharada da Challawa mai sinadarin kromiyam, da na Bompai da ke bin rafin Getsi. Dattin ma wannan lissafin yake bi, kuma tsaga ɗaya mai faɗi ta isa ta kai shi burtsatsen unguwa.